Rigar Sulken da Ba Tawa Ba

Na shafe shekaru goma sha ɗaya ina aikin jarida a wani gidan rediyo a Kano kafin in taɓa kwana a cikin sojoji, kuma gaskiyar magana ita ce ban je wurinsu da zuciya ɗaya ba. Mu da muka yi aikin ɗauko labari a shekarun farko na rikicin Boko Haram mun san abin da ake nufi da gaba kura baya siyaki. Ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin hare-haren da suka girgiza Kano, aka harbe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels yana bakin aikinsa, watanni uku kacal bayan an kashe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri. 'Yan bindiga na ɗaukar mu 'yan leƙen asirin gwamnati, jami'an tsaro kuma na yi mana kallon masu kururuta maganar abokan gaba. Ni kaina an taɓa sauke ni daga babur a wani shingen bincike, aka sa ni tsallen kwaɗo a gaban yaran unguwarmu, saboda wayata ta yi ƙara a lokacin da bai dace ba. Na daɗe ban manta da dariyar yaran nan ba, kuma tun daga ranar duk inda na hangi kaki sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Shekarar 2015 ta fara da muni. Baga ta faɗa hannun Boko Haram a farkon Janairu, Monguno ta bi baya kafin watan ya ƙare, har aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A cikin waɗannan makonni shida aka ƙwato Bama, aka kuma ƙwato Gwoza ana gobe zaɓe, garin da Shekau, shugaban ƙungiyar a lokacin, ya yi shelar daularsa a cikinsa a watan Agustan 2014. Da sabuwar gwamnati ta hau, aka mayar da cibiyar ba da umarnin yaƙin zuwa Maiduguri, aka sa wa farmakin suna Lafiya Dole, sannan rundunar soja ta riƙa ɗaukar 'yan jarida a cikin ayarinta domin su gane wa idonsu garuruwan da suka dawo hannu. Editana ya ga ni ne na fi dacewa, don a Borno na yi bautar ƙasa kuma ina ɗan tsintar Kanuri. Matata tana da ciki wata bakwai a lokacin. Mahaifiyata kuwa ce mata na yi taron ƙara wa juna sani zan je Abuja.

A watan Nuwamba, sanyin hunturu ya fara shigowa, aka haɗa ni da ayarin da zai raka motocin abinci zuwa Dikwa, inda dubban 'yan gudun hijira suka taru bayan sojoji sun karɓe garin a watan Yuli. Hafsan da ke jagorantar ayarin ya damƙa ni a hannun wani sajan, dattijo mai furfura a gefen kai, mutumin Filato, wanda kowa a motar ke ce wa Baba. Baba ya dube ni daga sama har ƙasa kamar wanda aka ƙara wa kaya a kan kaya, sannan ya ce, “Malam, ka taɓa jin harbi kusa da kunnenka?” Na ce na taɓa ji daga nesa. Ya ce, “To, in na ce kwanta, ka kwanta. Tambaya sai mun isa.” Hausarsa irin ta bariki ce, wadda ba ta damu da bambance namiji da mace ba, amma ban taɓa jin wanda umarninsa ke fita sarai kamar nasa ba.

Muna shirin hawa mota sai wani kofur, siriri baƙi, ɗan ƙasar Zuru, ya lura ba ni da komai a jikina sai rigar shadda da jakar na'urar naɗar murya. Ya miƙo mini rigar sulke da hular kwano, ya ce, “Saka wannan, Malam, akwai wata a bayan mota.” Na karɓa ba tare da dogon godiya ba, domin a tunanina kayan gwamnati ne da aka tanadar wa baƙi. Rigar tana da nauyi, tana warin gumi da man bindiga, kuma a gefen ƙirjinta an rubuta wasu lambobi da harafi ɗaya da alƙalami mai kauri. Na ga rubutun, ban tsaya tunanin ma'anarsa ba. Shi kuwa ya ja wata jibgegiyar rigar sanyi ya ɗora a kan kakinsa, ya zuge ta har wuya.

Daga Maiduguri zuwa Dikwa bai wuce kilomita 90 ba, tafiyar da direban haya ke yi a da cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Mu yini guda muka yi. Da muka wuce Mafa sai ayarin ya koma tafiyar hawainiya, saboda a wuraren da kwalta ta farfashe masu gano nakiya ne ke sauka su shige gaba a ƙafa, suna karkaɗa na'urarsu a saman ƙasa, motoci na bin sawunsu taku bayan taku. Na daɗe ina kallon bayan ɗaya daga cikinsu, yaro ne da bai fi ƙanena ba, yana tafe shi kaɗai a tsakiyar hanya, duk rayukanmu na rataye da abin da kunnensa zai ji. Hagu da dama baƙar ƙasar firgi ce, wadda a irin wannan lokaci ya kamata a ce ta yi kore shar da dawar masakwa, amma babu komai sai ciyawa da ƙonannun motoci da ƙauyukan da rufin ɗakunansu ya rufta. Ko kare ban gani ba.

An zaunar da ni a tsakiyar bayan motar, tsakanin akwatunan harsashi da jarkokin ruwa, sojoji shida suka kewaye ni suna fuskantar waje. Da farko na ɗauka don kada in ga wani abu ne aka yi haka. Sai da muka yi nisa na gane cewa duk harsashin da zai same ni sai ya fara ratsa ɗaya daga cikinsu.

Kwana biyu muka yi a Dikwa, a wani sansani da aka kewaye da rami da tarin ƙasa, ba nisa da tsohuwar fadar Rabeh. A nan na ga abin da ban taɓa karantawa a sanarwar manema labarai ba. Abinci a faranti ɗaya ake ci, shinkafa da wake ko garin kwaki da ƙuli-ƙuli, kuma Baba ba ya sa hannu sai ya tabbatar an ɗebe wa waɗanda ke gadi a bakin rami nasu. Ruwa a ƙididdige yake. Gora ɗaya za ta zaga mutum bakwai, kowa ya kurɓa ya miƙa, ba mai sa ido a kan maƙogwaron wani, amma ban ga wanda ya wuce kurɓa biyu ba. Da magariba ta yi na tsaya ina waige-waigen inda zan yi salla, sai kofur ɗin nan, wanda Kirista ne, ya nuna mini gabas da bakin bindigarsa, ya tsiyaya mini ruwan alwala daga rabonsa, sannan ya tsaya a bayanmu ni da sojoji uku Musulmi har muka sallame. Ya gaya mini cewa a gidansu ma haka abin yake, wansa Musulmi ne, kuma ranar Salla da ranar Kirsimeti tukunya ɗaya ake ɗorawa.

Babu layin waya a garin, don haka wayoyinsu sun zama ma'ajiyar hotuna kawai. Da dare sai a jona su a batirin mota, a zauna ana nuna wa juna 'ya'ya. Wani farabiti ɗan kudu maso gabas, wanda bai daɗe da fitowa daga makarantar horar da kuratan sojoji ta Zariya ba, ya nuna mini hoton yarinyar da zai aura har sau uku, su kuma sauran suka tasa shi gaba da tsiya. Baba ya ba mu labarin Saliyo, inda ya yi aiki a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, lokacin da 'yan tawaye suka kutsa Freetown a Janairun 1999, ya ce a can ya koyi cewa soja ba ya tsoron mutuwa kamar yadda yake tsoron a bar gawarsa a daji. Na kunna na'urata na bar ta a kan akwati ba tare da na yi wa kowa tambaya ba, ta ɗauki hirarsu da dariyarsu, har da wata waƙar noma da kofur ɗin ya rera da harshensu na Dakarci da suka matsa masa.

A daren ne kuma na ga wata al'ada tasu. Kowanne yana ɗauke da 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan garin wani abokinsa da lambar wayar wanda za a kira idan ta Allah ta kasance. Ba sa yarda labari ya fara isa gida ta bakin baƙo. Kofur ɗin ya yage gefen littafina ya rubuta tasa ya ba ni, yana dariya, ya ce, “Kai ne kake yawo, Malam. Mu ba mu san ranar da za a ba mu hutu ba.”

A rana ta uku muka kamo hanyar dawowa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a wani wuri tsakanin Dikwa da Mafa, motar da ke gabanmu ta taka nakiya. Ban ji ƙarar a kunne ba, a ƙirji na ji ta, sannan ƙura ta rufe komai, sai harbi ya ɓarke daga cikin ciyawa ta hannun dama. Ban san lokacin da na bar motar ba. Abin da na sani shi ne hannun Baba a ƙeyata yana danna fuskata cikin ƙasa, yana ba da umarni da wata murya da ba ta rawa ko kaɗan. Ina jin ƙasa a haƙorana, ina maimaita kalmar shahada, kuma kada in ɓoye, fitsari ya kufce mini. Ta ƙarƙashin motar na hangi farabitin nan mai shirin aure, wanda ranar aka mayar da shi motar gaba, yana kwance a fili yana ƙoƙarin jan jiki, ƙafarsa ɗaya ta ƙi bin sa. Tsakaninmu da shi bai wuce taku ashirin ba, amma ƙasar wurin sai tashi take yi saboda harsasai.

Ban ji wanda ya umarci kofur ɗin ba. Na dai ga ya ajiye gorarsa, ya ce wa mai babbar bindigar da ke kan mota ya rufa masa, sannan ya fita a sunkuye. Ya kama yaron ta wuyan riga ya jawo shi da baya da baya, har sun kusa shigowa inuwar motarmu sai na ga ya durƙusa kamar wanda ya yi tuntuɓe. Bai saki rigar ba. Wasu biyu suka fita suka ƙarasa jawo su duka. Faɗan bai kai rabin awa ba. Da motar sulke ta juyo daga gaba sai maharan suka janye cikin daji.

Ma'aikacin jinyar ayarin ya yanka rigar sanyin kofur ɗin da almakashi, ya ɗago kai ya tambaya da ƙarfi ina sulkensa, kuma mene ne rukunin jininsa. Babu wanda ya amsa. Baba ne ya juyo ya sa yatsa a kan ƙirjina, daidai inda aka yi rubutun nan da alƙalami mai kauri. Lambarsa ce ta aiki da rukunin jininsa. Babu wata riga a bayan mota, ba a kuma taɓa samun ta ba, kuma duk wanda ke motar ya san haka tun daga Maiduguri, ni kaɗai ne ban sani ba. Harsashin ya shiga ta gefen ƙirji. Ni aka ba ledar ƙarin ruwa na riƙe sama yayin da motar ke gudu, hannuna na karkarwa, shi kuma yana buɗe ido jefi-jefi yana tambayar ko an ɗauko yaron. Ya cika kafin mu ga gine-ginen farko na Maiduguri. An binne shi a maƙabartar sojoji da ke barikin Maimalari. Yaron da ya jawo ya rayu, ko da yake an yanke masa ƙafar.

Rahoton da na aika a daren bai kai minti biyu ba, kuma babu sunansa a ciki, domin ƙa'ida ce ba a ambaton mamaci sai an sanar da iyalinsa. Na ce an kai wa ayari hari, sojoji sun daƙile shi, kayan abinci sun isa Dikwa. Duk gaskiya ne, kuma ban taɓa jin kunyar wani rahoto nawa kamar wannan ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ba a cika faɗa ba idan ana maganar ɗan jaridar da ke bin sojoji fagen daga. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ni ba lada na ci ba, rai aka ba ni. A watan Yunin wannan shekarar ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto tana zargin cewa sama da mutum 7,000 sun mutu a wuraren tsare mutane na soja tun daga 2011, rundunar kuma ta musanta. Kafin tafiyata da an kawo irin wannan labari teburina da na karanta shi ba tare da ko gezau ba. Bayan na dawo kuwa sai harshena ya yi nauyi. A sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri mata suna tare ni su ce an ware mazajensu wajen tantancewa, wata da watanni ba labari, ni kuma sai in ji kamar idan na sa muryarsu a iska na ci amanar mutumin da ke kwance a Maimalari. Na yi makonni ina jan ƙafa da wani rahoto, ina gaya wa editana ban gama tabbatarwa ba, alhali na gama.

A ganina wannan shi ne haɗarin tafiya tare da soja da ya fi na harsashi wuyar ganewa. Ba wanda ya hana ni magana, ba wanda ya ba ni ko sisin kwabo. Na ci abinci da su ne kawai, na san sunayen 'ya'yansu, kuma daga wurin da aka zaunar da ni a tsakiyar mota ba a iya hango mutanen da ke wancan ɓangaren ramin. Matar da ke neman mijinta ba ta yi ƙarya ba, kamar yadda abin da na gani a hanyar Mafa ba mafarki ba ne, kuma ɗayan bai goge ɗayan ba. A ƙarshe na sa rahoton matan, da muryoyinsu da martanin hukuma. Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara, na ga lambar Baba, wanda ya samu hutu ya biyo ta Kano. Gabana ya faɗi. Ya ce, “Malam, na ji ka a rediyo.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, ni ma na yi shiru, sannan ya tambaye ni ko madam ta sauka lafiya. Har yau bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaye shi ra'ayinsa ba.

Shi ne ya kawo mini ƙunshin da zan kai Zuru: wayar marigayin, da agogonsa, da kuɗin da 'yan ƙungiyarsa suka yi karo-karo daga alawus ɗinsu, har da na farabitin da ke kwance a asibiti. Sun riga sun kira gida tun a makon farko, amma takardar a hannuna take, kuma Baba ya ce wanda aka ba amana shi ke kai ta. Na bi ta Kontagora da Rijau, na isa ƙauyen da la'asar, wansa ya tare ni a bakin hanya ya kai ni har gida.

Mahaifinsu tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, ya tsufa har idanunsa sun fara dushewa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa gaisuwar rashi, sannan na faɗi abin da na kwana ina juyawa a raina tsawon hanya: cewa rigar da za ta iya tsare ɗansa a jikina take ranar. Na shirya wa kowace irin magana. Tsohon ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya ce, “Ɗana, wanda ya je ɗaukowa, an same shi da rai?” Na ce an same shi, Baba. Ya ce, “Shi kuma ba a bar shi a daji ba?” Na ce ba a bar shi ba, ni na riƙe masa ruwa har muka shiga gari, kuma na ga inda aka sa shi. Ya gyaɗa kai, ya ce wa wan ya kawo mini ruwa in sha.

Mahaifiyarsa ba ta ce komai ba duk tsawon wannan lokaci, tana zaune a kan tabarma a bakin ɗaki da jikarta a cinya. Da na tashi yin sallama sai na tuna da na'urata, na tambaya ko za su so su ji muryarsa. Na nemo daren Dikwa, na wuce hayaniyar tsiyar da ake yi wa farabiti, har zuwa inda ya fara waƙar noman. Matan gidan suka matso, yarinyar ta ɗago kai tana neman inda muryar ke fitowa. Da waƙar ta ƙare aka ji dariyar sojoji da muryar Baba yana cewa a kashe fitila. Tsohuwar ta miƙo hannu ta karɓi na'urar, ta kara ta a kunnenta, ta ce da ni, “Yaro, mayar da shi farko.”